Me Ya Sa Aikina Ke Canja Kama a Maɗaba'a?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni mai zane ne a kwamfuta, shekarata biyu a wannan sana'a. Kwanan nan na tsara wani ɗan littafi mai shafi 24 da bango mai launi, na fitar da shi PDF na tura maɗaba'a. Da aka kawo aikin sai na tarar da abubuwa uku. Salon haruffan kanun rubutu ya canja, har kalmomi suka sauka daga layi zuwa layi. Haruffa masu lanƙwasa kamar ƙ da ɗ sun fita daban da 'yan uwansu. Sannan tambarin da na sa wa inuwa a bango ya fito da wani farin akwati kewaye da shi. A kwamfutata ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Mai maɗaba'ar ya ce nan gaba in mayar da duk rubutu zane, ko kuma in turo masa JPEG kawai. Shin wannan ita ce mafita? Ina so in san yadda ake shirya fayil ɗin da ba zai ba ni kunya ba."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ji daɗin yadda ka zayyana abin da ya faru dalla-dalla, domin a wannan sana'a tamu alamomin da suka bayyana a takarda su ne ke nuna inda matsala ta samo asali. Idan na fahimce ka, tambayarka biyu ce a haɗe: mene ne ya sami fayil ɗinka tsakanin kwamfutarka da injin bugu, sannan ko shawarar da mai maɗaba'a ya ba ka ita ce daidai. Game da JPEG amsata a'a ce, kuma zan kawo dalili. Game da mayar da rubutu zane kuwa, akwai inda yake da amfani, akwai inda yake ɓata aiki, kuma ɗan littafi mai shafi 24 yana cikin kashi na biyu. Amma kafin mu kai can, ya kamata ka san abin da ke faruwa da fayil bayan ya bar hannunka.

Abin da ke tsakanin allo da takarda

Injin bugu bai san harafi ba, bai san inuwa ba, bai san hoto ba. Abin da ya sani ɗaya ne: a wannan ɗigon a sa tawada, a wancan kada a sa. Saboda haka a maɗaba'a akwai wata manhaja da ake kira RIP, wadda aikinta shi ne ta karanta fayil ɗinka ta mayar da shi ɗigo-ɗigo, galibi ɗigo 2400 a kowane inci idan farantin bugu za a ƙona (wato farantin da ke ɗaukar siffar shafi a injin bugu), ta kuma raba shi gida huɗu bisa tawadar nan huɗu da aka sani da CMYK, wato shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Abin da kake gani a allonka fassara ce da kwamfutarka ta yi da kayan da ke hannunta: duk salon haruffan da ka taɓa saukewa suna cikinta, hotunanka suna inda ka ajiye su, manhajar da ka yi zanen da ita ta san abin da kake nufi. Kwamfutar maɗaba'a ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Duk abin da ba ka fayyace a cikin fayil ba, ita za ta yanke hukunci a kansa, kuma ba za ta kira ka ta ji ra'ayinka ba. Galibin matsalolinka daga nan suka fito, kuma dukan aikin shirya fayil don bugu ya ta'allaƙa ne a kan rage yawan hukuncin da ka bar wa kwamfutar wani.

Akwai ɗan tarihi da zai haska maka sauran bayanin. Harshen da aka daɗe ana magana da injinan bugu da shi shi ne PostScript, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1984. A tsarinsa, duk abin da aka ɗora a shafi yana rufe na ƙarƙashinsa ruf, kamar ka liƙa takarda a kan takarda. Da PDF ya zo a 1993 ya gaji wannan tsarin, sai a 2001, da fitowar PDF 1.4, aka shigo da abin da zan riƙa kira shara-shara, wato yanayin da abu ke bari a hango abin da ke bayansa. Masu zane suka rungume shi nan da nan, amma na'urorin maɗaba'u sun ɗauki shekaru kafin su saba da shi. Adobe kansa sai a 2006 ya fitar da injin fassararsa mai suna PDF Print Engine, wanda ke karɓar PDF kai tsaye ba tare da an bi da shi ta PostScript ba. Har yau tsoffin na'urori da sababbi suna aiki tare a duniya, kuma ba ka iya sanin wacce ce za ta karɓi aikinka sai ka tambaya.

Maganar salon haruffa

Salon haruffa, wanda masu zane ke kira font, ƙaramin fayil ne mai zaman kansa da ke ɗauke da siffar kowane harafi, da faɗinsa, da tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa. Rubutun da ke cikin zanenka bai ɗauki siffar ba, sunan salon kawai ya riƙe, kamar saƙon da ke cewa a je a karɓo kaya a wurin wane. Idan aka je ba a sami wane ba, sai a karɓo na wani a cike gurbin. Maganin wannan shi ne a cusa salon a cikin PDF ɗin, ta yadda duk inda fayil ya je yana tafe da haruffansa. Galibin manhajoji haruffan da ka yi amfani da su kaɗai suke cusawa, ba salon gaba ɗaya ba, shi ya sa wani lokaci za ka ga sunan salo da wasu manyan baƙaƙe shida da alamar tarawa a gabansa. Wannan ya wadatar wa bugu. Hanyar dubawa mai sauƙi ce: ka buɗe PDF ɗin a Acrobat, manhajar Adobe ta duba PDF, ka danna Ctrl da D, ka shiga sashen haruffa. Kowane suna da ke jerin dole ne a ga an nuna cewa an cusa shi, ko gaba ɗaya ko wani yanki nasa. Idan guda ɗaya ya rasa wannan shaida, fayil ɗin bai isa turawa ba.

Abin da ya fi hana cusawa shi ne lasisi. Mai salon yana iya sa masa alama a ciki da ke hana a cusa shi a fayil, kuma manhajojin da ke mutunta wannan alamar za su ƙi, wani lokaci da gargaɗin da zai gilma ba ka lura ba. A nan mafita ita ce ka sayi lasisin da ya dace ko ka canja salo, kuma canjawa tun a farkon aiki ya fi sauƙi a kan canjawa a daren da za a tura.

Sai dai akwai wata alama a bayaninka da ta tsaya mini a rai, wato cewa kalmomi sun sauka daga layi zuwa layi. PDF yana ajiye matsayin kowane layi a kafe. Ko da salo ya ɓace, abin da aka saba gani shi ne siffar haruffa ta canja ko tazararsu ta lalace, amma kalma ba ta barin layinta. Idan ta bari, abin da na fi zato shi ne an buɗe PDF ɗinka a cikin manhajar zane kamar CorelDRAW ko Illustrator, wataƙila don a jera shafuka a kan faranti. A duk lokacin da aka buɗe PDF a matsayin rubutun da za a iya gyarawa, manhajar tana neman salon ne a cikin kwamfutar da take, ba ta dogara da wanda ka cusa ba, kuma idan ba ta same shi ba sai ta musanya. CorelDRAW yana tambayar mai shigo da PDF ko yana son rubutu ya shigo a matsayin rubutu ko a matsayin zane, kuma zaɓin farko shi ne ke jawo irin abin da ya same ka. Wannan ne ma, a ganina, dalilin da ya sa mai maɗaba'arka ke neman ka mayar da komai zane: hanyar aikinsa ce ke buɗe fayil, shi kuma yana neman kariya daga abin da hanyar ke haifarwa. Ba laifi ba ne ka tambaye shi cikin ladabi yadda yake jera shafuka.

Haruffa masu lanƙwasa kuwa labarinsu daban ne, kuma sau da yawa ɓarnar tana nan tun a allonka, ƙanƙantar rubutu ce ta ɓoye maka ita. Salon haruffa da yawa, musamman na ado, an zana su ne don harsunan Yammacin Turai, babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsu. Idan ka buga harafin da babu, wasu manhajojin suna nuna akwati fanko, wanda alheri ne domin ka ga matsalar da idonka, wasu kuma kamar Word sukan aro shi a ɓoye daga wani salon. Sai ka ga ƙ ɗin ya fi 'yan uwansa siranta, ko ya fi su tsawo, ko ya tsaya a miƙe a tsakiyar kalmar da ta karkata. Abin da nake yi kafin in fara kowane aiki shi ne in rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ a cikin salon da na zaɓa, in ƙara girmansu sosai, in duba su a siffa ta yau da kullum, da mai kauri, da mai karkata, da mai haɗa biyun, domin na sha ganin salon da ke da ƙananan ba shi da manyan, ko yana da su a siffa ɗaya babu a sauran. A jerin haruffan PDF ma, idan ka ga sunan salon da ba ka taɓa zaɓa ba, to aro aka yi. Charis, Andika da Gentium na ƙungiyar SIL, da Noto Sans da Noto Serif na Google, suna da waɗannan haruffa, kuma lasisinsu ya yarda a cusa su. Ka kuma guji tsoffin salon da aka yi wa dabara aka ɗora harafi mai lanƙwasa a gurbin wata alama ta daban, domin ranar da aka musanya salon, ainihin alamar ce za ta bayyana a takarda.

Abu biyu a gurguje. Idan salo ba shi da siffa mai kauri ta kansa, maɓallin kaurarawa na wasu manhajoji yana ƙirƙirar ta bogi, wadda kan iya fitowa da muni a bugu, saboda haka ka zaɓi mai kaurin daga jerin salon kansa. Sannan tsoffin haruffa irin na Type 1, Adobe ya daina tallafa musu a manhajojinsa na zane tun watan Janairu na 2023, don haka sabon aiki a yi shi da OpenType ko TrueType.

Yanzu ga shawarar mayar da rubutu zane. Tana da wurinta: tambari, babban kanu, allon talla, aikin da na'ura za ta yanka, duk waɗannan ni ma zane nake mayar da su. Amma a rubutu mai yawa tana da illa. Salon haruffa yana ɗauke da wasu umarni da ke taimaka wa na'ura ta fitar da ƙaramin harafi tsaf, kuma da zarar ya zama zane umarnin sun tafi, shi ya sa ƙananan haruffa kan yi kauri kaɗan, musamman a injinan dijital da ɗigonsu bai kai na faranti yawa ba. Fayil yana yin nauyi, kuskuren kalma ɗaya ba ya gyaruwa, kuma a InDesign, manhajar Adobe ta tsara shafuka, umarnin mayar da rubutu zane yana zubar da layin da aka ja a ƙarƙashin kalma, da ɗigo ko lambar jeri da manhajar ta sa da kanta, ba tare da ta sanar da kai ba. Idan mai maɗaba'a ya dage, to ka fitar da PDF ɗinka lafiyayye tukuna, ka kwafe shi, sannan ka yi mayarwar a kan kwafin da kayan binciken da ke cikin Acrobat Pro, wanda ke bin abin da ke shafi ba ya zubar da komai. Ainihin fayil ɗin zanenka kuwa kada ka taɓa shi.

Shara-shara da abin da daskararwa ke yi masa

Mutane da yawa suna ɗauka ba su yi amfani da shara-shara ba tunda ba su rage kaurin launin komai ba. Amma inuwa shara-shara ce, haka ƙyallin da ake kewaye rubutu da shi, haka gefen hoto da aka sa ya dushe a hankali, haka hoton PNG ko PSD da aka cire wa baya, haka duk wani yanayin gauraya launi da na ƙarƙashinsa. Tambarinka mai inuwa yana ciki.

Na'urar da ba ta jin shara-shara dole a daskarar mata da shi. Daskararwa ita ce manhaja ta bi duk inda abubuwa suka hau juna, ta yayyanka wurin gutsure-gutsure, ta lissafa launin ƙarshe na kowane gutsure, ta mayar da shi abin da ba a hango bayansa. Abin da zai iya zama a matsayin zanen layi ta bar shi, abin da ba zai iya ba ta mayar da shi hoto. A ido shafin yana nan yadda yake, amma a ciki ya zama ɗinki, kuma matsaloli a bakin ɗinkin suke fitowa.

Farin akwatinka, abin da ya fi haifar da shi shi ne inuwa ta faɗa a kan launi na musamman irin na Pantone. Domin ka gane wannan sai ka san hanya biyu da tawada ke haɗuwa a takarda. Ko dai a ƙwaƙule wurin abin da ke sama daga launin ƙasa, ta yadda zai sauka a kan farar takarda, ko kuma a yi ɗori, wato a buga na sama a kan na ƙasa ba tare da an cire komai ba. Launi na musamman tawada ce mai farantinta, ba a iya narkar da ita cikin lissafin CMYK, saboda haka mai daskararwa yakan mayar da inuwar hoto mai kusurwa huɗu ya ba shi umarnin ɗori a kan launin. Idan RIP ta bi umarnin, komai lafiya. Idan ta yi biris da shi, sai farin da ke cikin hoton ya ƙwaƙule launin bango, ga akwatinka ya bayyana. Kana iya gwadawa yau: ka buɗe PDF ɗin da ka tura a Acrobat, ka kunna nuna ɗori sannan ka kashe. Idan akwatin yana ɓacewa yana dawowa, ka kama ɓarawon. Kuma idan ba tawada ta biyar ka biya kuɗinta ba, babu dalilin barin launi na musamman a fayil. Ka mayar da shi CMYK kafin ka fitar, matsalar ta mutu daga tushe.

Akwatin yana da ɗan'uwa, wanda ba fari ba ne, launinsa ne kawai ya ɗan saɓa da na bango. An fi ganinsa a injinan dijital, inda na'urar ke sarrafa launin zanen layi ta hanya ɗaya, na hoto kuma ta wata hanyar, alhali daskararwa ta mayar da yankin inuwa hoto ta bar sauran bangon zane. Haka kuma yana fitowa idan an gauraya RGB, wato tsarin launin allo, da CMYK a shafi ɗaya. A InDesign akwai wurin zaɓar tsarin launin da za a yi lissafin shara-shara a cikinsa, kuma aikin bugu a sa shi a CMYK. Idan bangon ya ci gaba da gardama, ni nakan haɗa launin bango da inuwar su zama hoto ɗaya a Photoshop, in ɗora tambarin da rubutu a kai a matsayin zanen layi.

Matsala ta biyu da daskararwa ke jawowa ba ka ambace ta ba, amma ka duba littafinka, mai yiwuwa tana nan. Na taɓa karɓar samfurin wata mujalla inda rubutu ya zagaye hoto mai inuwa. Da ido tsirara sakin layin ya yi kamar an zuba masa ruwa a gefe ɗaya. Da na ɗora madubin ƙara girma sai na ga kowane layi ya rabu biyu: kalmomin da ke nesa da hoton bakinsu tsaf kamar an yanka da reza, waɗanda ke kusa kuwa sun yi kauri, bakinsu ya yi zarto-zarto, har akwai kalmar da rabinta lafiya rabinta ya kumbura. Dalili shi ne inuwa tana da iyakar da ido ba ya gani, wadda ta wuce inda duhunta ya ƙare, kuma rubutun yana ƙarƙashin hoton a jerin hawa, wato tsarin abin da ke sama da abin da ke ƙasa a zane, don haka duk harafin da ya shiga iyakar an daskarar da shi tare da ita. Tun daga lokacin na mayar da shi ƙa'ida cewa rubutu yana da hawansa shi kaɗai, kuma shi ne na can sama. Abin da ke saman shara-shara daskararwa ba ta taɓa shi.

Ta uku ita ce siraran fararen layuka da ake gani a allo suna ratsa hoto a PDF ɗin da aka daskarar. Waɗannan galibi ba sa fitowa a faranti. Manhajar kallo ce ke sassauta bakin kowane gutsure shi kaɗai. Ka zuƙo shafin sosai: idan layin bai ƙara kauri ba, ko yana ɓacewa yana bayyana a wani wurin, na allo ne. Amma idan wani ya ɗauki wannan PDF ya mayar da shi hoto, layukan suna iya shiga cikin hoton su zauna, daga nan kuma sai takarda.

Idan dole ka daskarar da kanka, ka zaɓi mataki mafi inganci, wanda a InDesign yake ba rubutu da zanen layi ɗigo 1200, inuwa da launi mai dushewa kuma 300. A Illustrator ka duba ma'aunin da ake zana inuwa da shi, domin fayil ɗin da aka buɗe da tsarin intanet a 72 yake, kuma inuwar 72 tana fitowa da tsani-tsani.

Wane irin PDF za ka fitar

Hukumar ISO, mai tsara ma'aunai na ƙasa da ƙasa, ta tsara wani dangin PDF don bugu kawai, ƙarƙashin lamba 15930, wanda ake kira PDF/X, kuma biyu daga ciki ne suka shafe ka. PDF/X-1a, wanda ya fito a 2001, bai yarda da komai ba sai CMYK da launi na musamman, ya wajabta cusa dukan haruffa, kuma ya hana shara-shara mai rai, wato dole a daskarar a kwamfutarka. PDF/X-4, na 2008 da aka sabunta a 2010, shi ma ya wajabta cusa haruffa, amma ya bar shara-shara da ransa har ya isa RIP. Ni na fi son X-4 a duk inda na'urar maɗaba'a ke karɓarsa, domin a lokacin ana yin lissafin ne sau ɗaya, a matakin ƙarshe, da cikakken ingancin na'urar, babu gutsure babu ɗinki. Inda na'urar tsohuwa ce, ko kuma mai maɗaba'a bai iya gaya maka abin da take karɓa ba, X-1a ya fi aminci, saboda ka ga sakamakon daskararwar da idonka kafin ka tura. Abin da ba na so shi ne a yi PDF ta hanyar umarnin bugawa zuwa wata firinta ta ƙarya, domin wannan hanya takan daskarar da shafi ba da saninka ba, wani lokaci ta canja launuka. Ka yi amfani da umarnin fitarwa na manhajar. Ƙungiyar Ghent Workgroup, wadda aka kafa a 2002, tana ba da saitin fitarwa da na bincike kyauta, kuma sun cancanci a sauke.

JPEG kuwa yana kashe matsalolin ne ta hanyar kashe ingancin. Rubutun da RIP za ta zana da ɗigo 2400 ya koma 300, matsewar fayil tana barin dauɗa a bakin haruffa, kuma baƙin rubutu, idan hoton RGB ne, yakan watse a kan faranti huɗu, ta yadda ko kaɗan faranti ya goce sai ka ga ja ko shuɗi yana leƙowa a gefen kowane harafi. A babban ƙyallen talla da za a kalla daga nesa ana iya haƙuri da shi. A littafin da mutum zai riƙe a hannu ya karanta, a'a.

Sauran abubuwan ba su da wuyar fahimta. Duk launi ko hoton da ya kai bakin shafi ya wuce layin yanka da milimita 3, rubutu kuma ya ja baya daga layin da milimita 3 zuwa 5, domin wuƙa ba ta sauka wuri ɗaya kullum. Hotuna su kasance fiksel 300 a inci a girman da za a buga su, ka kuma tuna cewa idan ka ninka girman hoto ka raba ingancinsa biyu. Ƙaramin baƙin rubutu ya zama baƙar tawada zalla ɗari bisa ɗari. Jimlar tawada huɗu a wuri ɗaya tana da iyaka, galibi kashi 300 a takarda mai sheƙi, wajen 240 a takardar jarida, in ta wuce ba ta bushewa da wuri, sai ta shafi bayan takardar da ke kanta. Kaurin layin zane kada ya gaza kwata na foyin ɗaya, wato ma'aunin da ake auna girman haruffa da shi. Shafuka a tura su ɗaya-ɗaya a jere, jerawa a faranti aikin maɗaba'a ne. Sannan ka kula da farin abu mai umarnin ɗori: fari a bugu rashin tawada ne, idan aka ce ya hau kan launi ba tare da ƙwaƙulewa ba sai ya ɓace gaba ɗaya. Yana faruwa ne idan aka ɗauki baƙin tambari mai ɗori aka canja masa launi zuwa fari, kuma a allo yana nan zaune har sai an kunna nuna ɗori.

Bincike kafin turawa

PDF ɗin da ka fitar shi za ka bincika, ba zanen da ya haife shi ba, kuma a Acrobat, ba a manhajar shiga intanet ko ta waya ba, domin waɗannan galibi ba sa nuna ɗori. A Acrobat Pro akwai wurin da ke nuna faranti ɗaya-ɗaya. Ka ƙirga su: huɗu ka nufa, huɗu za ka gani. Ka kashe farantin baƙi, ƙaramin rubutu ya kamata ya ɓace tas. Idan ya bar fatalwarsa, yana kan sauran farantan. Daga nan ka gudanar da binciken atomatik na PDF/X.

Wannan duka yana da iyaka, kuma gara in faɗa. Shaidar PDF/X ba ta auna ingancin hoto, fayil yana iya cin jarrabawar alhali hotonsa dishi-dishi ne. Babu binciken da zai gano kuskuren rubutu ko ƙ ɗin da aka aro. Allo ba ya faɗin gaskiyar launi sai an daidaita shi da na'urar awo. Kuma abin da na kawo daga bugun takarda ne, na faranti da na dijital. Bugun kwalin kaya da leda da tufafi suna da nasu ƙa'idoji, a can sai ka bi takardar sharuɗɗan masu aikin.

Game da ɗan littafinka, ka fara da PDF ɗin da ka riga ka tura: ka duba jerin haruffansa, ka kunna nuna ɗori a kan bangon, ka ƙirga farantai. Sannan ka ɗauki kwafi ɗaya na wanda ya lalace ka je wurin mai maɗaba'ar, ka tambaye shi ko yana buɗe PDF a manhajar zane, da wane PDF/X na'urarsa ke karɓa, da ko tana bin umarnin ɗori. Idan za a sake bugawa, ka nemi samfurin gwaji da ya bi ta RIP ɗin da za ta ƙona farantin, ba wanda aka fitar a firintar ofis ba, ka karanta shi shafi-shafi da madubi a hannu, kuma kada a ƙona faranti sai ka sa hannu a kansa.